Jarabar intanet a makarantun likitanci: ƙirga awoyi ba ganewar cuta ba ne

Duk bayan ɗan lokaci sai a fito da sakamakon wani bincike a ce kaso kaza na ɗaliban likitanci jarabar intanet ta kama su. Nan take masu sharhi su fara kiran a hana riƙe waya a aji. Wannan kira ya ishe ni, domin masu yin sa ba su duba da wane ma'auni aka yi awon ba.

Yawancin irin wannan bincike da tambayoyi 20 na Kimberly Young, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, ake yin sa, waɗanda ta fitar a 1998, lokacin da shiga intanet sai an zauna gaban kwamfuta. Ɗaya daga cikinsu ita ce ko mutum kan daɗe a intanet fiye da yadda ya yi niyya. To wane ɗalibin MBBS (digirin likita) ne a Kano, Zariya ko Sakkwato zai ce a'a? Littattafansa a waya suke saboda na takarda sun fi ƙarfin aljihunsa. Darasin malami ta WhatsApp wakilin aji ke turowa, haka ma sauyin jadawali. Makarantar da ta zuba karatun shekara shida a cikin waya ba ta da bakin zargin ɗalibi da yawan riƙe ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta amince da wata cuta mai suna jarabar intanet ba. Abin da ta sa a kundinta na jerin cututtuka, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, shi ne larurar wasannin bidiyo, kusa da ta caca. Sharuɗɗan a fili suke: mutum ya kasa tsayar da kansa, abin ya danne sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, galibi tsawon wata 12. Babu batun awa nawa.

Masu cewa matsalar duk shaci-faɗi ce su ma sun kauce hanya. Tana nan, kuma da dare take cin mutum. Ɗalibi ya sayi datar dare mai rahusa da niyyar sauke bidiyon darasi, sai TikTok ko manhajar caca ta riƙe shi har kiran assalatu. Barci ne ke zaunar da abin da aka karanta a ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi barcin awa uku kacal zai haddace jijiyoyin hannu da daddare, da safe ya neme su ya rasa. Haka ake faɗuwa jarrabawar MBBS ta biyu, wadda ƙasa da maki 50 ba ya fid da mutum. Mafi muni sai an shiga asibiti: malami na sauraron ƙirjin majiyyaci, ɗalibi na bayan layi yana latsa waya. Ƙarar zuciya ba a koyon ta a hoto.

Wanda aka ƙwace wa waya a aji zai karɓe ta da yamma, ya kwana a kanta. Tambayoyin da ya kamata mai ba ɗalibai shawara ya yi daban ne: ƙarfe nawa ka kwanta jiya? Kwana nawa ka rasa zagayen duba marasa lafiya a wannan wata? Akwai bashin caca a kanka? Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa yana cikin asibitin da suke koyon aiki, amma ɗalibi na tsoron zuwa, domin likitan da zai gan shi yau shi ne zai yi masa jarrabawa gobe. A ware musu likitan da ba ya ba su maki, a kuma daina turo darasi ƙarfe sha ɗaya na dare.