Kafin a haska maka leza a ido, ka san likitan da zai yi aikin

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a Ingila, kuma tun ina makarantar sakandare nake sanye da tabarau saboda ba na ganin abin da ke nesa. A bara na fara binciken aikin nan na gyaran gani da hasken leza, wanda ke raba mutum da tabarau, sai binciken ya nuna mini wani bambanci da ban taɓa lura da shi ba tsakanin yadda muke neman likita a gida da yadda ake nemansa a nan. A gida, idan aka ce za a yi wa mutum tiyata, tambayar farko da dangi ke yi ita ce: wane likita ne zai yi? Sai an san sunansa, an san waɗanda ya taɓa yi wa, an ji yadda suka kwashe. A nan kuwa kamfani ake tallata maka, da sunan na'ura, da hoton wata tana murmushi babu tabarau, amma da wuya ka ga sunan mutumin da zai tsaya a kanka ranar aikin. A ganina tambayar da muke yi a gida ita ce daidai, sai dai hanyar da muke bi wajen samun amsarta tana da rauni, kuma a nan ne tsarin ƙasar nan yake da abin koya mana.

Sai an fahimci aikin kansa za a gane dalilin da ya sa likitan ya fi na'urar muhimmanci. A gaban baƙin ido akwai wata fata mai haske kamar gilashi da likitoci ke kira koniya, wadda kaurinta a tsakiya bai wuce rabin milimita da ɗan kaɗan ba, wato kimanin maikuron 540 ga yawancin mutane (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Abin da leza ke yi shi ne ta kankare wani sashe na wannan fatar domin ta sauya lanƙwasarta, yadda haske zai sauka daidai a bayan ido. A aikin da ake kira LASIK, ana fara ɗaga wani siririn marfi daga saman koniya, a yi kankarar a ƙarƙashinsa, sannan a mayar da marfin. A PRK babu marfi, daga sama ake aikin, shi ya sa ya fi zafi a kwanakin farko kuma ya fi jinkirin warkewa. A SMILE kuma ana yanko wani ɗan faifai daga cikin koniyar a zaro shi ta ƙaramar kafa. Duk wanda aka yi a cikin ukun, abin da aka kankare ba ya dawowa. Haskawar kanta daƙiƙoƙi ce, kuma kwamfuta ce ke tafiyar da ita. Babban aikin likita yana wurin yanke hukuncin ko wannan idon ya dace a taɓa shi, da kuma wanne daga cikin ukun ya dace da shi.

Wuri biyu na je. A na farko, wanda reshe ne na wani babban kamfani, an karɓe ni da fara'a, wata ma'aikaciya mai auna ido ta yi mini gwaje-gwaje, sannan aka miƙa ni ga wani matashi mai riƙe da jadawalin ranaku, ya ce sakamakona ya yi kyau, akwai gurbi a mako mai zuwa. Da na tambayi sunan likitan da zai yi aikin, sai ya ce ya danganta da wanda ke bakin aiki a ranar, kuma zan gan shi da safen. Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai har na koma gida, domin ta nuna cewa mutumin da zai ɗauki alhakin idanuna bai ga sakamakon gwajina ba a lokacin da ake neman in sa hannu.

A wuri na biyu likitar da kanta ta zauna da ni. Ta juyo allon kwamfutarta ta nuna mini taswirar koniyata mai launuka, shuɗi da kore da ruwan ɗorawa, ta ɗora bakin biro a kan lambar kaurin idona na hagu, wadda ba ta kai 500 ba. Ta lissafa a gabana: marfin LASIK zai ci sama da maikuron 100, gyaran ganina zai ci wani adadin, abin da zai rage a ƙasa ya yi kusa da iyakar da ita ba ta son ƙetarewa. Ta bayyana mini cewa idan koniya ta yi sirantaka fiye da kima, tana iya turowa waje a hankali bayan watanni ko shekaru, gani ya lalace ta yadda tabarau ma ba zai gyara shi sosai ba. Ta ce ba za ta yi mini LASIK ba, PRK kuma sai ta sake ɗaukar taswirar bayan wata shida ta ga ko akwai sauyi. Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, amma a ranar na gane cewa likitan da ya iya ce maka a'a, alhali kuɗinka yana hannunka kana miƙa masa, shi ne wanda ya cancanci a ba shi amanar ido.

Daga baya na gano cewa abin da ta yi shi ne abin da ƙa'ida ta tanada. A shekarar 2017 ƙungiyar ƙwararrun likitocin ido ta Birtaniya ta fitar da ƙa'idojin wannan aiki, inda ta ce likitan da zai yi tiyatar ya kamata ya gana da mai neman aikin kafin ranar, kuma a ba shi aƙalla mako guda ya yi tunani kafin a yi. Haka nan hukumar da ke yi wa likitoci rajista, GMC, tana da kundi a intanet wanda kowa zai iya buɗewa ya rubuta sunan likita, ya ga ko yana da lasisi, ko yana cikin jerin ƙwararrun fannin ido, da ko an taɓa ƙuntata masa aiki. Wannan shi ne abin da binciken baki da baki ba zai iya ba mu ba. Ɗan'uwan da ya yaba maka likita yana ba ka labarin ido biyu ne kawai, nasa, kuma galibi abin da ya gani shi ne kirkin likitan da tsabtar asibitin. Bai san mutum nawa likitan ya yi wa ba, bai san nawa ne suka dawo a sake musu ba, bai kuma san ko koniyarsa irin taka ce ba.

Akwai kuma ruɗanin lakabi, wanda ya fi yawa a gida. Mai auna ido da ke rubuta tabarau a Najeriya yana fitowa daga jami'a da digirin da ke ba shi lakabin dakta, kuma aikinsa mai daraja ne, amma hukumarsa daban take da MDCN da ke yi wa likitoci rajista, kuma ba shi ne likitan tiyatar ido ba. Idan aka ce maka dakta ya duba ya ce ka dace, ya kamata ka san wane daktan ake nufi.

Tambayoyin da zan so kowa ya yi wa likita ba su da yawa, amma yadda ya amsa su yana bayyana shi. Ka tambaye shi aiki nawa yake yi a shekara, da kashi nawa na waɗanda ya yi wa ke buƙatar a sake musu gyara, ka nemi alƙaluman nasa shi kansa, ba na kamfanin baki ɗaya ba. Ka tambaye shi ko yana yin dukkan hanyoyin uku, domin wanda hanya ɗaya ya iya, ita zai ga ta dace da kai. Ka lura ko shi ne ya fara ambaton bushewar ido da ganin zobba kewaye da fitilun motoci da daddare, ko kuwa sai da ka tono. Wani bincike kan LASIK da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa sama da kashi 95 cikin 100 sun gamsu da aikin, amma kusan rabin waɗanda ba su da irin waɗannan alamun gani kafin tiyata sun ba da rahoton aƙalla guda ɗaya bayan wata uku. Likita na gari zai faɗa maka ɓangarorin biyu. Zai kuma gaya maka cewa leza ba ta hana tsufan ido, wanda ya haura shekara arba'in da 'yan kai zai buƙaci tabarau na karatu ko da an yi masa aikin.

Wani abu da ya shafe mu musamman, wanda tallan ba ya ambata, shi ne cewa mutanen da asalinsu Afirka ne sun fi fuskantar gulakoma, cutar da ke cin jijiyar gani a ɓoye, kuma a matsakaici koniyarmu ta fi ta Turawa sirantaka. Bayan leza ta ƙara sirantar da ita, na'urar auna matsin ido, wadda ake amfani da ita wajen neman alamar gulakoma, takan nuna lamba ƙasa da ta gaskiya, don haka cutar na iya ɓuya. Likitar da na gani ta tambaye ni ko akwai mai gulakoma a danginmu tun kafin in zauna da kyau, ta kuma ce in karɓi kwafin duk awon da aka yi mini in adana, domin ko bayan shekara talatin, idan yana ta fito a ido, likitan da zai cire ta zai buƙaci sanin yadda koniyar take kafin a taɓa ta.

Wannan ne ma ya sa nake jin tsoro ga 'yan'uwa da ke tashi zuwa Indiya ko Turkiyya ko Masar su yi aikin cikin mako guda su dawo. Akwai ƙwararrun likitoci a waɗannan ƙasashe, amma ana duba ido washegarin aiki, a sake dubawa bayan mako, sannan bayan wata da watanni, kuma yawancin matsalolin a wannan tsakanin suke bayyana. Duk wanda zai yi tafiyar, ya fara samun likitan ido a inda yake zaune wanda ya yarda zai ci gaba da dubansa, ya kuma dawo da cikakken rahoton aikin a rubuce.

Ni dai har yanzu tabarau na nan a fuskata. Taswira ta biyu ta nuna babu sauyi, likitar ta ce PRK zai yiwu a idon dama ba tare da damuwa ba, na hagun kuma tana son ta ƙara ganinsa sau ɗaya a ƙarshen shekara kafin ta amince.