Gishirin da ya rage fa, ina za a kai shi?

Wani marubuci ya ce wai wata na'ura mai mayar da ruwan teku tururi da zafin rana ce za ta kawo ƙarshen matsalar ruwan sha, haba dai, zuzutawar ta yi yawa. Dabarar ai tsohuwa ce, tun 1872 aka gina irinta a Las Salinas ta ƙasar Chile, kuma sirrin bai wuce na murfin tukunya ba, ruwa ya tashi tururi ya bar gishiri a ƙasa, tururin ya huce ya ɗigo. Irin ta rana da ƙyar take ba da lita 4 zuwa 5 a wuni kan kowace murabba'in mita, to birni guda fili nawa zai ci? Su Saudiyya da Kuwait da suka daɗe a harkar ɗakunan ƙarfe suke jerawa, ana rage matsin iska a kowanne ruwan ya riƙa tafasa tun zafi bai kai digiri 100 ba, zafin tururin kuma a ɗumama ruwan da ke shigowa da shi, amma duk da wannan wayon makamashin da suke ci ba na wasa ba ne, shi ya sa sababbin tashoshi suka fi karkata ga tacewa da matsi, wato a tura ruwan da ƙarfi ta cikin matacin da ke tare gishiri. Ga mai cewa ai ruwan teku kyauta ne, kowace lita fa tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, ga alli yana daskarewa a bututu sai an kankare. Ragowar ruwan nan mai ɗan karen gishiri da zafi marubucin bai ce uffan a kai ba, teku za a mayar ya halaka halittun bakin gaɓa ko yaya?