Ni ma na yi fama da ciwon fargaba

Wallahi wani labari da na ci karo da shi kan ciwon fargaba kamar da ni ake. Shekara 2 ina fama, dare na yi sai gabana ya dinga faɗuwa, tafin hannu duk gumi, har Juma'a na daina zuwa saboda cinkoso. A gida aka ce iska ce. Gwaggona ce ta matsa min na je asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) nan Bauchi, ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ina ta jin kunya kar a ce na zautu. Likita ya zauna ya saurare ni tsaf, ya ba ni magani ya ce sai ya yi sati 4 zuwa 6 kafin in ji sauƙi sosai kuma kar in yanke shi da kaina, ga zaman tattaunawa da ake koya min yadda zan saita numfashi. Addu'a ban bari ba. Jiya a sahun gaba na yi sallah, Alhamdulillah.