Fieldhouse da takardun kamfanin UAC

Ga ɗalibanmu masu son rubuta tarihin kasuwanci, aikin David Fieldhouse ya fi dacewa a fara da shi. Baturen Ingila ne, an haife shi a Indiya a 1925, ya rasu a 2018. Ya koyar a New Zealand, ya yi sama da shekara 20 a Jami'ar Oxford, sannan ya zama farfesan tarihin daular Ingila a Cambridge daga 1981 zuwa 1992.

Abin da ya shafe mu shi ne littafinsa na 1994 a kan UAC (United Africa Company), kamfanin da ya daɗe yana sayen gyaɗar Kano. An kafa UAC a 1929, da aka haɗe kamfanin Niger da African and Eastern, ƙarƙashin Unilever, babban kamfanin Turai mai yin sabulu da kayan abinci. Fieldhouse ya samu damar shiga ma'ajiyar takardun kamfanin, kuma yadda ya yi aiki da su ne ya burge ni.

Ana farawa da bayanan zaman shugabannin kamfani, domin a ga shawarar da aka yanke. Daga nan sai wasiƙun da manajojin rassa ke aika wa Landan, inda ake jin abin da ke faruwa a kanti da wurin awo. Lissafin kuɗi ne ƙarshe, kuma a nan masu bincike ke yawan tafka kuskure. Jimillar riba ba ta nuna komai sai an auna ta da jarin da aka zuba. Sannan dole a raba shekarun da kamfani ke sayen gyaɗa da kuɗinsa da kuma bayan 1949, lokacin da hukumar sayen gyaɗa ke tsayar da farashi, kamfani ya koma wakili mai lasisi da ake ba la'ada. Wanda ya cakuɗa lissafin lokutan biyu, sakamakonsa ba zai tsaya ba.

Inda nake da ƙorafi: takardar kamfani da idon kamfani take kallon duniya. Manomi ba ya magana a cikinta. Dillali kuwa yawanci sunansa na fitowa ne a shafin bashi, alhali irin su Alhassan Dantata ne suka haɗa kamfanin da ƙauyuka. Don haka duk mai karanta Fieldhouse ya haɗa da takardun gidan adana tarihi na Kaduna, ya kuma zauna da tsofaffin 'yan awo da suka rage tun ana iya samunsu.