Waƙa ma tana son yaɓe

Ranar Asabar da ta wuce na shiga motar haya daga Kano zuwa Funtuwa, irin Sharon ɗin nan da ake cusa mutum biyu a gaba. Direban yaro ne, ban ba shi shekara ashirin da biyar ba. Muna wuce Kabuga ya danna rediyo, sai ga kalangu, sai ga muryar Alhaji Mamman Shata. Wani matashi da ke bayana ya yi tsaki ya ce, "Direba, don Allah canja mana, wannan ai ta tsofaffi ce." Direba ko waiwaye bai yi ba, ya ce, "Yi haƙuri ɗan'uwa, in na canja barci zan yi, kuma kana cikin motar." Aka yi dariya. Wani dattijo a gefena ya ce, "Bar ta, yaro, da tsohuwar zuma ake magani." Kafin mu kai Gwarzo rabin motar na karɓa amshi ƙasa-ƙasa, shi kuwa mai tsakin nan na hango yatsunsa a bayan kujera suna bin kiɗan, bai ma sani ba.

Tun daga nan nake lissafi. Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura. Direban nan in ma an haife shi a lokacin, to yana goye. Amma waƙoƙin zaɓen 2023, waɗanda suka hana mu sakat a kasuwa da tasha da gidan biki, aka kashe musu kuɗi mai yawa, aka yi musu bidiyo da motoci masu sheƙi, yaushe rabon da ka ji wani ya kunna ɗaya daga ciki don nishaɗin kansa? Ko masu su ba sa son a tuna musu, don wasunsu tuni suka koma wajen wanda suka yi wa zambo.

Na san amsar da za a fara ba ni: mawaƙan dā don Allah suke yi, na yanzu don kuɗi. Wannan ba gaskiya ba ce, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da maroƙa ya sani. Shata ya karɓi motoci da riguna da dawaki, bai ɓoye ba, a cikin waƙa yake lissafa su. Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne, ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Ahmadu shi ke ci da shi. Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, kuma waƙar siyasa ce ƙarara, ta jam'iyya mai mulki. Kuɗi da ubangida suna cikin sana'ar tun asali. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne: me suka zuba a cikin waƙar wanda ya rage bayan an binne ubangidan, an raba gādonsa, jam'iyyarsa ma ta zama tarihi?

Ni a ganina abu na farko shi ne yadda ake ƙera waƙar. Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, suna kiran amshi "gindin waƙa", baitocin da jagora ke jerowa kuma "ɗiya". Wannan suna ya yi mini daidai. Gindi shi ke riƙe bishiya. Makaɗin fada yakan daɗe yana juya gindin waƙa guda tare da 'yan amshinsa, a zaure ko a ƙarƙashin inuwa, har sai ya zauna daram a kan kotso, har sai yaron da ke wucewa da tallan gyaɗa ya iya ɗaukarsa ya tafi da shi a baki. Daga nan sai a kai ta gaban jama'a. Ranar hawan salla a rera, ranar naɗin sarauta a rera, in baƙo ya sauka a rera. Ɗan waƙar da bai motsa kowa ba sai a yar da shi. Wanda ya sa fadawa suka ɗaga murya, ko ya sa wani ɗan sarki ya sunkuyar da kai don ya gane da shi ake, wannan ya samu wurin zama. Shekara goma ana wannan tankaɗe da rairaya. Abin da muke ji a kaset yau shi ne garin da ya rage a faifai bayan an zubar da tsaki da dusa.

Yanzu fa? A kira mawaƙi da daddare, a tura masa sunaye ta WhatsApp: mai gida, uwargida, ɗan takarar mataimaki, shugaban matasa. Da safe ya shiga situdiyo, mai fiyano ya zaɓo kiɗan da ya riga ya yi wa mutum biyar, na'ura ta gyara murya, kafin la'asar waƙa ta hau TikTok. Ba ta taɓa haɗuwa da idon mutum ba kafin ta fita. Kuma da ta fita shi ke nan, ta daskare, babu damar a cire ɗan da ya mutu a sa mai rai. Ba laifin na'ura nake gani ba. Gaggawar ce ke kashe waƙar tun tana jaririya.

Abu na biyu, shi mawaƙin kansa an dafa shi kafin a sauke. Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya tashi, ya bi mahaifinsa wajen kiɗan noma, ya yi shekaru yana karɓi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayarin. Wanda ya shekara ashirin yana amshi ya san inda numfashi ke ƙarewa, ya san kalmar da ke hawa kan kiɗa da wadda ke tuntuɓe. Ya kuma san tarihin gidajen sarauta, wa ya haifi wa, wa ya ci wane yaƙi, wane kirari ne na wane gida, domin kuskure guda a nan yana iya jawo masa korar kare. Wannan karatu ne, ko da babu allo babu takardar shaida. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ita ce ma ta makara.

Sai abu na uku, wanda ya fi tsaya mini a rai. Sunan ubangida a tsohuwar waƙa maratayi ne kawai. Abin da aka rataya a kai shi ne halin ɗan Adam: hassadar 'yan uba, haƙurin mai jiran gādo, butulcin bara, tsoron rago ranar gumurzu, yadda duniya ke juya wa mutum baya. Saboda haka ko ba ka san Isa a taswira ba, in ka ji Narambaɗa yana habaici sai ka tuna wani a ofishinku ko a cikin danginku. Kassu Zurmi maza yake yi wa kiɗa, Ɗan Anace 'yan dambe, amma wanda bai taɓa naɗa zare a hannu ba yana ji tsigar jikinsa ta tashi. Ɗanmaraya Jos kuwa bai ma cika damuwa da manya ba. Da kuntiginsa, ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura wa tsirkiya guda, ya waƙe karen mota da zaman aure. Ya rasu a 2015, amma muddin akwai tasha, akwai ƙaramin ma'aikacin da ake rainawa, waƙarsa tana da mai ita. Kwatanta wannan da waƙar da daga farkonta har ƙarshe jerin sunaye ne da "sai kai, sai kai". Cire sunayen ka ga abin da ya saura a hannunka.

(Kada mata su ce na manta da su. A Funtuwar da na je, da yamma a gidan bikin, bayan mai kayan sauti ya gaji ya kashe janareto, sai iyaye mata suka kifa ƙwarya a cikin ruwa, suka jawo wasu ƙore, aka shiga amada. Waƙoƙin Barmani Choge suka yi ta yi, ita da ta rasu tun 2013, suna ƙara nasu baitoci, suna tsokanar dangin ango da suna. 'Yan matan da ɗazu suke rawa da waya a hannu duk sun san amshin. Ba wanda ya koya musu a aji.)

Wannan abin da na gani a tsakar gidan shi ya kawo ni ga maganar yaɓe. Mu mutanen ginin ƙasa ne. Wanda ya taso a gidan ƙasa ya san katanga ba ta tsayuwa don ƙarfin tubalinta kaɗai. Kowace shekara kafin damina sai an kwaɓa ƙasa an bi ta da yaɓe, an gyara indararo, an toshe inda ya tsage. Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce, tun ƙarni na 16 aka fara ɗaga ta, aka sake gina ta a ƙarni na 19, kuma itatuwan da ke fitowa daga jikinta su ne matakalar masu gyara. Wato tun ranar gini an bar wa na baya wurin taka ƙafa. Gidan da magada suka watse suka bar shi, damina uku ta ishe shi ya zama kufai, komai gwanintar maginin.

Haka waƙa take. Amshi shi ne itacen da aka bari a jikin hasumiya, inda na baya zai taka ya sa hannunsa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gane wannan sarai. Ba ta rubuta waƙoƙinta ta kulle a adaka ba. Ta naɗa mata malamai da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai waƙoƙin ƙauyuka suna koya wa mata 'yan taru da ka. Waƙoƙin Aliyu Namangi na Zariya ma a bakin makafi da almajirai suka zaga ƙasar Hausa, ƙofa-ƙofa, kafin yawancin mutane su gan su a takarda. Abin da baki da yawa suka ɗauka, gobara ɗaya ba ta cinye shi.

To amma kada in cika baki da yabon dā. Mu ma akwai inda muke yaudarar kanmu. A zamanin Shata akwai ɗaruruwan makaɗa da babu mai tuna ko sunansu yau, kuma ba duka ne marasa gwaninta ba. Wasu dai ba su yi sa'ar zuwa gaban makirfon ba. Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da faifan garmaho, da kaset daga baya, su suka zaɓar mana waɗanda muke kira manya. Wanda yake ƙauye mai nisa, ko ya rasu kafin na'ura ta iso, ya tafi da kayansa. Kuma ko a cikin waƙoƙin Shata kansa, da yawansu ya wuce a ƙirga, nawa ne ke yawo a motocin haya? 'Yan kaɗan ne. Saboda haka ba mamaki a cikin tarin hayaniyar yau akwai waƙa biyar ko goma da jikokinmu za su riƙe. Na ma fara ganin alama: wasu waƙoƙin finafinan farkon shekarun 2000, waɗanda aka yi ta zagi a lokacin ana cewa kwaikwayon Indiya ne, yanzu in aka sa su a biki sai ka ga matan da suka haura arba'in sun miƙe suna rerawa da idanu a rufe.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu da ke kukan lalacewar waƙa mu ne ba ma yaɓen. Muna son kiɗan, muna raina makaɗin. Mutum zai yi kuka da waƙar Narambaɗa a mota, amma in jikan makaɗi ya zo neman 'yarsa sai a fara binciken asali ana taɓe baki. Yaya ɗan gidan kotso ba zai ajiye kotso ya sayi babur ba? Shekarun baya na je wani gidan rediyo neman wata tsohuwar hira da aka yi da wani makaɗin garinmu. Ma'aikacin da ya raka ni, mutumin kirki, ya buɗe mini wani ɗaki a baya. Faya-fayan nan masu zare a jibge a ƙasa, rufi na yoyo, gara ta ci kwalayen, rubutun jikinsu ya goge. Ya ce mini, "Malam, wasu ma an ɗora sabon shiri a kansu lokacin da ba a sayo sababbi ba." Na tsaya ina kallon tarin, ban san muryar wa da wa ke ciki ba. Na fito ko sallama ban iya yi masa da kyau ba.

Shi ya sa da na dawo gida na jawo jakar kaset ɗin mahaifina, Allah ya jiƙansa, daga ƙarƙashin gado. Guda sittin da 'yan kai ne, wasu da rubutun hannunsa na ajami a jiki, wasu ya ɗauka da kansa a wajen biki, ana jin kukan jarirai da guɗar mata a baya. Uku sun riga sun manne, zaren ya ƙi juyawa ko da biro. Sauran na kai wa wani yaro mai gyaran rediyo a unguwarmu da ya ce zai iya juye su a memori, biyar-biyar duk mako. Jiya ya kawo kashin farko. Na kunna ɗaya bayan sallar isha'i, wani mai gurmi ne da ban san sunansa ba, babu kuma wanda zan tambaya yanzu. 'Yata ta tsakiya tana wanke-wanke a tsakar gida, ta leƙo ta ce, "Baba, wane ne wannan?" Na ce ban sani ba. Ta koma bakin aikinta, can na jiyo ta tana gwada amshin, tana kuskure kalma ɗaya tana sa tata.