Inji wa?

Tunda kun ce na ci mutuncin yaro, to ku gyara zama in ƙara.

Takardar aikin gida ta wani ɗan sakandare da na ɗora shekaranjiya, don in nuna yadda ake kwafe littafi a ci maki, na rufe sunan yaron, na rufe sunan makarantar, na rufe sa hannun malamin. Jan biron kawai na bari: 17 cikin 20, da "Da kyau, ci gaba da ƙoƙari" a ƙasa. Kafin la'asar an yi mini ca. Wasu sun ce ina hassada da ɗan sakandare, wasu sun ce na raina malamai, wani ma ya ce in na isa in je in riƙe alli. Na riƙe, ɗan'uwa, har ƙurarsa ta sa mini tari. Yaron kuwa ɗan yayata ne, a cinyata aka yi masa askin suna, saboda haka ku bar ni da mutuncinsa, na fi ku sanin kuɗinsa.

Tambayar da aka ba su ita ce su bayyana halin Malam Zurƙe, abokin hamayyar Alhaji tauraron labarin, a cikin littafin Ruwan Bagaja. Yaro ya cika shafi biyu. Shafi ɗaya da rabi daga littafin ya kwaso shi sukutum, babu alamar zancen wani, babu "inji", babu babi, babu shafi. Kai, har inda maɗaba'a ta yanke kalma a ƙarshen layi ta sa karan ɗori, shi ma ya yanke tasa a tsakiyar layinsa ya sa mata karan. Ragowar rabin shafin daga ɗan littafin taƙaitawar nan ne da ake sayarwa a bakin makarantu. Na zauna na ƙirga abin da ya fito daga kansa, kalma takwas: "Daga ƙarshe, wannan shi ne halin Malam Zurƙe." Kalma takwas, maki 17. Wannan ciniki ko a Kantin Kwari ba a samun irinsa.

Na kira shi na ce, "Abba, wannan maganar inji wa?"

Ya ce, "Kawu, ai a littafi take."

Na ce, "Na sani. Wa ya faɗe ta a littafin? Kuma kai me ka ce a kanta?"

Ya yi shiru yana murza bakin riga. Can ya ce, "Kawu, in na sa nawa, Malam zai ce ba haka yake a littafi ba."

Wallahi wannan amsar ce ta hana ni barci, ba takardar ba. Yaro ɗan aji biyu na babbar sakandare ya riga ya gane cewa tunaninsa haɗari ne, kwafa kuma ita ce tudun mun tsira. Mu muka koya masa haka da jan biro.

Maganata guda ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji: in ka ɗauko zancen wani, ka ce inji wa, sannan ka faɗi naka. Shi ke nan. Ba na neman yaro ya zama farfesa.

An ce mini wai wannan harkar jami'a ce, su APA da MLA, tsare-tsaren ambaton inda aka ɗauko zance, Turawa suka kawo, bai kamata a ɗora wa yaran sakandare ba. Allah Sarki. Turawa ne suka koya wa Bahaushe cewa "inji"? Mutanen da ko karin magana ba sa sakinsa babu mai shi? In gani a ƙasa, inji kare da aka ce ana biki a gidansu. Karen ma mun ba shi haƙƙin maganarsa, sai marubuci za mu hana? Tsohuwa a tsakar gida in ba ta tabbatar da labari ba sai ta sa masa "wai", don kada a rataya mata zomon da ba ita ta kashe ba. Je ka zauren karatu ka saurari yadda malami ke ja wa almajirai baƙi, kowace mas'ala sai ya ce wane ne ya faɗa, a littafi kaza. Buɗe Ihya'us Sunna na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ka ga yadda yake ɗauko zance daga Madkhal na Ibnul Hajj: ya ambaci littafin, ya kawo maganar, in ta ƙare ya ce "intaha", wato nan zancen mai zance ya tsaya, abin da ya biyo baya nawa ne. Alamar buɗe zance da rufe shi ke nan, da tawada da alƙalamin kara, tun kafin a san za a yi wata aba wai ita WAEC a 1952. Kuma a gabatarwar Sahihu Muslim an ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi, wato jero waɗanda suka ruwaito magana, yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Yaron nan da yamma yana Islamiyya, in ya kawo hadisi bai ce wa ya ruwaito ba malam zai mayar da shi. Da safe kuma a ajin adabi ya kwashi shafi ɗaya da rabi ba inji kowa, a ce masa da kyau. Wace irin tarbiyya ce mai fuska biyu haka?

Sai masu cewa ai a ɗakin jarrabawa ba a shiga da littafi, ta ina yaro zai tuna shafi. Wa ya ce ya tuna shafi a ɗakin jarrabawa? Wannan aikin gida ne, littafin na gabansa a buɗe, shaida kuwa ga karan ɗorin nan. A jarrabawar WAEC ko NECO ma ai ba a rasa abin cewa. In ka haddace ɗango ɗaya ko biyu na waƙa, ka sa su cikin alamar zancen wani, ka ce mawaƙin ya faɗa a farkon waƙar ko wajen ƙarshenta. In ba ka riƙe lafazin daidai ba, kada ka yi wa marubuci ƙage, ka faɗi ma'anar da bakinka ka ce a wurin da abu kaza ya faru ne. Wannan ba ya buƙatar laburare, gaskiya kawai yake buƙata.

Bari in faɗi yadda na zaunar da shi muka sake rubutun, ko wani zai amfana, tunda an ce zagi kawai na iya.

Na ce ya rufe littafin ya gaya mini da baki, wane irin mutum ne Zurƙe. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, mutumin nan ba ya yafe ramuwa, in Alhaji ya yi masa sai ya rama." Na ce to rubuta wannan, ita ce jimlarka ta farko. Ya dube ni kamar na ce ya yi saɓo. Ya rubuta. Na ce yanzu buɗe littafi ka nemo mini wuri ɗaya da ke gaskata ka. Ya yi ta juya shafi kusan minti goma, ya samo, zai fara kwafe sakin layin gaba ɗaya na riƙe biron. Na ce a cikin duk wannan, wace jimla ce in an cire ta hujjarka ta rushe? Ya nuna guda, ba ta kai layi biyu ba. Ita kaɗai muka ɗauka. Ya gabatar da ita da bakinsa, ya faɗi wanda ke magana da wanda ake gaya wa da abin da ya faru kafin nan, ya sa ruwa biyu, ya buɗe alamar zance, ya rufe, ya sa babi da shafi cikin baka biyu. Sannan aiki mafi wuya: na ce to, sai me? Wace kalma ce a ciki ta nuna maka halin nasa? Me ya sa bai faɗe ta ta wata hanya ba? Nan ya ciji biro ya yi gumi, amma ya fito da layi huɗu nasa na kansa, masu ɗan karkata, masu kuskuren rubutu biyu. Na fi son layi huɗun nan a kan shafi ɗaya da rabin da aka ba 17.

Zancen da ka ɗauko daga littafi shaida ne ka kira gaban alƙali. Shaida yakan faɗi sunansa, ya faɗi abin da ya gani, ya koma ya zauna. Ba a taɓa jin an bar wa shaida shari'a tun safe har azahar, mai ƙara na gefe ya naɗe hannu, daga ƙarshe ya miƙe ya ce "wannan shi ne ƙarata" ba.

Kuma "inji wa" ɗin nan a adabi ya wuce sunan da ke bayan littafi. A Ruwan Bagaja mai ba da labarin sunansa Alhaji Imam, marubucin kuma Abubakar Imam, wanda ya rubuta shi don gasar rubuta littattafai da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, yana saurayi ɗan shekara 22. Yaro ya rubuta "Imam ya ce", wane Imam? Mai alƙalamin, ko tauraron da ke yawon duniya yana shirya wa mutane gadar zare? A Magana Jari Ce aku ne ke zuba yawancin labaran, ga kuma Waziri da mugun nufinsa. In Waziri ya yi maganar makirci ka rubuta "marubucin ya ce", ka yi wa bawan Allah ƙazafi yana kabarinsa. Yaron da bai iya raba bakin marubuci da bakin tauraro ba, me ya karanta? Shi ne gobe zai yanko rabin maganar mutum a Facebook ya ce ga abin da wane ya faɗa.

Wani mai wayo ya rubuto mini cewa ai shi ma Abubakar Imam daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa ya ɗebo labaran Magana Jari Ce. Sannu da bincike. Ya ɗebo, ba a ɓoye ba, manazarta sun daɗe suna bin sawun labaran ɗaya bayan ɗaya. Amma dubi abin da ya yi da su: ya sauya musu suna da gari da tufafi da harshe har suka zama 'yan gida. Ranar da ɗanka ya yi wa sakin layi ɗaya irin wannan aikin, zo in saya masa keke.

Malamai kuma, na san halin da kuke ciki, ba labari aka ba ni ba. Aji ya cika har taga, albashi ba ya kai ashirin ga wata, takardu tuli guda ana maki da fitilar waya. Duk na yarda. Amma rubuta "inji wa?" a gefen takarda kalma biyu ce, ta fi "Da kyau, ci gaba da ƙoƙari" gajarta. Wanda ya koyar da littafin nan shekara da shekaru ya san Hausar Imam daga layin farko, kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a cikin taro. Ya gani, ya ƙyale, don shafi ya cika kuma rubutun hannun na da kyau. Ita kuma yarinyar da ta yi fama ta rubuta rabin shafi da tunaninta a ba ta 9, a ce ba ta yi bayani sosai ba. To ta koyi darasi. Zango mai zuwa ita ma za ta kwafa, in ta shiga jami'a ta sayi kundin kammala karatu a shagon buga takardu, mu kuma mu hau nan muna kukan ilimi ya lalace.

Af, tunda zancen ya zo. Rubutun da na yi watan jiya a kan karatun 'ya'ya mata na gan shi a shafuka uku, an cire sunana, ɗaya ma ya sa hotonsa a ƙasa ya dafe haɓa kamar mai zurfin tunani, mutane na ta sa masa albarka. Na bar shi da Allah. Amma wanda ya ari Magana Jari Ce ɗina littafi na uku, mai bangon da na liƙe da salatif, tun kafin azumin bara ya ce kwana biyu zai yi, ya san kansa, kuma yana cikin masu karanta wannan don na ga ya danna alamar dariya shekaranjiya. Akwai rasit ɗin gyaran babur ɗina a tsakiyar littafin, ina bukatarsa ranar Litinin.