Rahusa ka zo nema ko fadanci?

Wai har yanzu akwai masu kare mutumin nan na bidiyon da ke yawo, wanda ya yi wa yarinya mai karɓar kuɗi faɗa a kanti? Tun jiya nake ganin ana rubuta "ai shi ma yana da gaskiyarsa", "ai kuɗinsa ya biya". Wace gaskiya? Mutum ya shiga kantin rahusa da ƙafarsa, ba wanda ya aika masa goron gayyata, ya cika keken sayayya fam, sannan ya tsaya a wurin biya ya harɗe hannuwa yana jiran yarinya ta shirya masa kaya a leda. Da ta ce masa, "Yallaɓai, ga kanta can gaba, a can ake shiryawa," sai ya rufe ta da faɗa a gaban jama'a. Wai ba ta da tarbiyya, wai a kira masa manaja, wai ba ta san ko shi waye ba. To ranka ya daɗe, waye kai? Mu dai wanda muka gani a bidiyon mutum ne da ya zo neman sauƙi, ya samu, sannan yake jin haushin hanyar da sauƙin ya biyo.

Kada ma wani ya tambaye ni sunan kantin, ba shi ne a gabana ba. Abin da ke gabana ɗaya ne, kuma zan yi ta maimaita shi har ya shiga: hidimar da ba a yi maka ba, ita ce rangwamen da aka yi maka. Ba wani sirri bayan wannan.

Ledar da ba a ba ka kyauta ba, rangwame ce. Yaron da ba a ɗauka aiki don ya tura maka keke zuwa mota ba, rangwame ne. Fitilu masu ƙyalli da babu, kiɗan da ba a sa maka ba, ma'aikacin da bai tsaya a bakin ƙofa yana yi maka murmushin dole ba, duk an tattara kuɗinsu an cire daga farashin madara da sukari da sabulun da ka zuba a kekenka. Ka karɓi ragin ka sa a aljihu, ka ji daɗi. Yanzu kuma kana neman a dawo maka da hidimar. Taura biyu ba ta taunuwa, Malam.

Ku shiga irin wannan kanti ku buɗe ido da kyau. Kayan ba a jera suke ɗaiɗai a kanta ba, a cikin kwalinsu suke, an dai yage gaban kwalin an tura shi. Ruwan kwalba da fulawa suna nan a kan katakon da aka sauko da su daga mota, ko motsa su ba a yi ba. Ba ƙazanta ba ce, ba kuma lalaci ba. Ma'aikaci ɗaya zai cika layi guda cikin 'yan mintuna, aikin da a wani kantin sai mutum ya wuni yana juya gwangwani don tambarin ya kalli mai saye. Ku ɗauki kwalin wani abu ku juya shi, za ku ga zanen layukan nan baƙaƙe da na'ura ke karantawa an buga shi a gefe da gefe, wani ma dogo ne har ya kusa zagaye kwalin. Dalili? Don kada mai karɓar kuɗi ta tsaya neman inda yake. Ta kowace fuska ta wuce da shi, na'ura za ta yi ƙara. Mutanen da suka zauna suka yi lissafin daƙiƙar da ake ɓatawa wurin juya kwali, su ne kake tsammanin za su ajiye maka mai shirya leda?

Kuma wannan tsari ba jiya aka ƙirƙiro shi ba, balle a ce yarinyar ce ta ga dama. A 1946 Karl da Theo Albrecht suka karɓi ƙaramin shagon mahaifiyarsu a birnin Essen na Jamus, ƙasa tana cikin ɓaraguzan yaƙi, mutane ba kuɗi. Dabararsu ita ce su rage duk abin da za a iya ragewa: kaya kala kaɗan, waɗanda ba sa saurin lalacewa, ba talla, ba ado. Daga nan kamfanin kantunan rahusa na Aldi ya samo asali. A farkon shekarun 1960 'yan uwan suka raba kamfanin biyu, ɗaya ya ɗauki arewacin ƙasar ɗaya kudu, kuma har yau a rabe yake. Lidl, wani kamfanin Jamus ɗin, ya buɗe kantin rahusarsa na farko a 1973 ya bi wannan sawu. Aldi ya shiga Amurka a 1976, ya shiga Ingila a 1990, inda da farko aka riƙa yi masa kallon kantin marasa galihu. A 2022 ya ture Morrisons ya zama na huɗu a manyan kantunan Birtaniya. Masu jin kunyar a gan su da jakarsa a da, su ne yanzu ke cika filin ajiye motocinsa.

Babban kanti na yau da kullum a Amurka yakan ajiye kaya kala 30,000 ko fiye. Kantunan rahusa irin Aldi kuwa ba su cika wuce 2,000 ba. Kana son man girki? Ga shi nan, ɗauki ka wuce. Ba za a jera maka kamfani goma sha biyu ka tsaya kana shafa haɓa ba. Kuma a Aldi kusan kashi 90 cikin 100 na kayan tambarin kantin ne da kansa, wato ba ka biyan kuɗin tallar talabijin da wani kamfani ya yi da fuskar ɗan ƙwallo. Idan kanti ya sayi abu kala ɗaya da yawan gaske, shi ke faɗa wa masana'anta farashi. Zaɓin da ba a ba ka ba, shi ma rangwame ne.

Wani ya rubuto min wai "ko ba komai ai akwai mutunta mai saye". Akwai mana. Ta ce masa Yallaɓai. Ta nuna masa wurin da ya kamata. Wane mutunci ya rage, ta durƙusa? Abin da wasunmu ke kira mutuntawa, in ka tona, so suke a nuna musu sun fi wanda ke yi musu aiki. Wannan kuwa ana sayar da shi, akwai kantunan da suka ƙware a kai, kuɗinsa na cikin farashin kowane gwangwani. Ƙofarsu a buɗe take. Amma ka hau motar haya kana jiran direba ya fito ya buɗe maka ƙofa, sannan ka zage shi don bai yi ba? Haba.

Ku tambayi Walmart, katafaren kamfanin kantuna na Amurka. Ya shiga Jamus a 1997 da duk ƙarfinsa, da masu gaishe da mutane a ƙofa, da masu zuba wa mutane kaya a leda, da umarnin ma'aikata su riƙa murmushi. A 2006 ya sayar da kantunansa 85 ya tattara ya fita, da asarar da ta kai kusan dala biliyan 1. Dalilan suna da yawa, amma babba daga ciki shi ne ya tarar da masu rahusa sun riga sun kama ƙasa, kuma mutanen can sun gwammace su shirya kayansu da hannunsu su biya kaɗan. Murmushi bai ceci kowa ba.

Sai masu cewa "araha ba ta ado". Na ji. To wa ya ce ado muka zo saya? Gishiri gishiri ne. Sukari ba ya ƙara zaƙi don an buga hoton kambi a jikin ledarsa. Ƙa'idar lafiyar abinci ta ƙasa ɗaya ce ga mai tsada da mai araha, hukuma ɗaya ke duba su. Lokacin da aka gano naman doki a cikin kayan da aka rubuta wa naman sa a Turai a 2013, ba kantunan rahusa kaɗai abin ya shafa ba, har da babban kantin Birtaniya Tesco da sanannen kamfanin abinci irin Findus. Tambari mai suna bai hana komai ba. In ka gwada wani abu na kantin rahusa bai yi maka ba, kada ka sake saya, magana ta ƙare. Ba dalilin tsayawa ana yi wa mutane lacca a kan aji ba ne.

Maganar kwandalar keke kuma, don na ga wasu sun shigo da ita, wai cin fuska ne a ce sai ka sa kuɗi kafin keke ya saku daga sarƙa. Senti 25 ne a Amurka, fam 1 a Ingila, kuma ana mayar maka da abinka in ka mayar da keken. Ba a ci maka ko sisi ba. Abin da aka yi kawai shi ne an hana ka yasar da keke a tsakiyar fili iska ta tura shi ya daki motar wani, an kuma huta da biyan wanda zai yi ta bin bayanka yana tattarawa. In har sai an riƙe maka kwandala kafin ka mayar da abu inda ka ɗauko shi, to ba kantin ne ke da abin kunya ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, shi wannan mai cewa ba aikinsa ba ne ya shirya kaya, da hannunsa ya zagaya ya ɗebo su daga kanta, bai ce uffan ba. Alhali kafin Clarence Saunders ya buɗe kantin ɗauki-da-kanka na Piggly Wiggly a Memphis ta Amurka a 1916, mai shago ne ke ɗauko wa mutum duk abin da ya lissafa. An ɗora wa mai saye wancan aikin fiye da shekara ɗari da suka wuce, ya karɓa har yana jin daɗinsa. Zuba kaya a jaka ne kaɗai zai zubar masa da girma.

Yanzu bari in ajiye gatse in faɗi abin da ya taɓa min zuciya. Yarinyar nan ba don rashin kunya take sauri ba. A irin waɗannan kantuna ana auna saurin mai karɓar kuɗi, na'ura na ƙirga kaya nawa ta wuce da su. Ma'aikata kaɗan ne a kowane lokaci, don haka da layi ya ragu za ta tashi ta je ta ja katakon kaya, ta goge inda wani ya fasa kwalba, ta dawo da gudu in an danna ƙararrawa. Ita ce a kujera, ita ce a rumbun kaya, ita ce da tsintsiya. Rahusar da muke murna da ita, wani ɓangarenta daga ƙashin bayanta yake fitowa. In akwai mai haƙƙin ƙorafi a wannan tsari, ita ce, da manomin da ake matse wa farashi har ya rasa inda zai sa kansa. Ba mai harɗe hannuwa ba. Ku sake kallon bidiyon, ku bar kallon shi, ku kalli hannunta. Yana zaginta tana ci gaba da wuce da kayansa, don layi na jira. Ko ɗago kai ba ta yi ba sai da ya buga tebur.

Kuma ku kalli wadda ke bayansa a layi, baiwar Allah nan mai riƙe da takarda. Kayanta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ta jera masu nauyi a gaba, ƙwai da burodi a ƙarshe, ta riga ta buɗe jakarta, kuɗinta na hannu. Wannan ta san wurin. Irin su aka gina kantin domin su: mai lissafin da zai kai ta ƙarshen wata, wadda ɗan ragin da kai kake rainawa shi ne bambancin ta sayi madarar yara ko ta mayar da ita kan kanta. Ita ya tsayar, ita ya ɓata wa lokaci yana neman a san ko shi waye.

Na san za a ce tsofaffi fa, masu ciwo fa, mai goyo fa, saurin na wahalar da su. Gaskiya ne, kuma wanda ya ce "'yata, don Allah a hankali" ban taɓa ganin an ƙi saurara masa ba. Shi wannan ba tsoho ba ne, ba ya goyo, hannuwansa biyu lafiya lau, mun ga yadda yake nuna ta da su. Ka maido kayanka cikin keke yadda suke fitowa, ka biya, ka matsa kantar gaba, ka shirya su son ranka ko awa ɗaya za ka yi. Hidimar da ba a yi maka ba tana cikin canjin da ke aljihunka. Ka ƙirga shi in kana shakka.

Af, tunda ana maganar tsumulmula, shi Theo Albrecht ɗin an taɓa sace shi a 1971, ya yi kwana 17 a hannun masu garkuwa, aka biya mak miliyan 7 na kuɗin Jamus na lokacin kafin a sako shi. Daga baya sai ya nemi a lissafa kuɗin fansar cikin kuɗaɗen gudanar da kasuwanci don a rage masa haraji. Mutumin da ya yi wa fansar kansa lissafi, a tsarin da irinsu suka kafa kake neman ledar kyauta.

Abin da ni ban yafe wa waɗannan kantuna ba daban ne, kuma ba wanda ke magana a kai: layin nan na tsakiya. Ka gama yaba musu a kan sun rage maka zaɓi, sai ka karya kwana ka ci karo da kwanduna cike da injin huda bango, da tanti, da takalmin ruwa, da fitilar lambu, da wata na'urar yanka kayan miya da ba a taɓa jin labarinta ba. An rubuta in ya ƙare ya ƙare, mako mai zuwa wani abu ne daban. Duk abin da mutum ya tsimi a kan man girki da sabulu, a nan ake karɓe shi da sallama. Akwai wani abokina da ke zaune a hawa na uku, ko tukunyar fure ba shi da ita, amma yana da almakashin aske shinge mai aiki da batir, sabo fil a kwalinsa. In akwai mai shinge a cikinku ya yi min magana ta akwatin saƙo, matarsa ta ba shi wa'adi zuwa ƙarshen wata.